Sunan da Na Raɗa wa Liman

Takur, Dutse.

Zuwa ga ƙanwata Mashkura,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Ringim baki ɗaya. Yaya nauyin jiki? Allah Ya raba lafiya.

Albishirinki! Na zaɓi takarda a kan waya domin labari mai daraja irin wannan bai dace da layin da ke yankewa ba. Matata Safara'u ta sauka, bayan 'yan mata biyu an samu namiji, mai murya kamar ladanin da aka saya wa sabuwar lasifika. Tun jiya nake tafiya irin ta hakimai, har masu babur suna kauce mini.

Sai dai kin sani, ba a rabon farin ciki a zuri'armu sai Baffa ya karɓi ushirinsa. Na kai masa labari tare da fura da dambun nama a gidan da hukuma ke kira na gyaran hali, ko da yake halin mahaifinmu ya gagari masu gyaran. Ya share dambun tas, sannan tari ya sarƙe shi. Ya ce ba zai ga damina ba, kuma burinsa na ƙarshe a yi masa takwara, kamar yadda kowane ɗan halak ke yi wa ubansa. Ya yi wa jaririn alkawarin karsana. Ban tambayi ko ta wace ce ba, tunda sayar da shanun amana ne ya kai shi inda yake. Ya ce ni ya fi ƙauna a cikin 'ya'yansa, maganar da ke ma ya yi miki irinta da Sallah. Daga ƙarshe ya ce in na ƙi, bai yafe mini ba duniya da lahira.

Ina ba ki labarin cikin raha, amma abin ba na raha ba ne. Kin tuna ranar da masu shanu suka cika mana ƙofar gida suna kwaɗa kiran sunansa, Inna ta tura mu bayan rumbu, ta fita ita kaɗai. Har yau in aka kira wani mai sunan a kasuwa, sai kwano ya suɓuce mata. Ko mun sakaya shi da Abba, makaranta da maƙwabta ba za su sakaya ba. Yaya za ta goya jikan da sunansa ke firgita ta? Ni kuma yaya zan kwana da bakin uba a kaina?

Ki taya ni addu'a. Ki gai da kowa.

Yayanki,
Zainulabidin

Takur, Dutse.

Zuwa ga Mashkura,

Gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarki da ta abin da kike ɗauke da shi.

Ki gyara zama, domin tarihi ya auku a ƙofar gidana! An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, Liman ya miƙo mini kunne. Wallahi da sunan Baffa na fito a bakina, na sha maimaita shi a gaban madubi. Sai idona ya faɗa kan Kawu Bubayero, yayan Inna, yana can gefen takalma yana ba baƙi wuri. Mutumin da ya kwashe mu zuwa Kafin Hausa, ya sayar da bijiminsa ya mayar da mu makaranta, bai taɓa neman ko sannu ba. Na buɗe baki, sunansa ya fito. Da maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta, Kawu ya waiwaya yana neman wani Bubayeron.

Ban aika wa Baffa saƙo ba, da ƙafata na je na durƙusa na faɗa masa. Ya dafe ƙirji, ya karanto shahada, ya sulale a hankali ta ɓangaren da ke da tabarma. Ganduroban da ke tsaye ya ce kada in damu, haka yake suma duk ranar ziyara. Da na miƙe, mamacin ya buɗe ido ɗaya ya tambayi ina ƙaurin ragon suna. Na ba shi. Zan ci gaba da kai masa fura, domin uba ne. Yafiya kuwa bai furta ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin yana ci mini rai. Amma na fito ƙafafuna suna ɗauke da ni.

Ga babban labarin. Safara'u ta ce lokacin raɗin suna Inna tana ƙuryar ɗaki, ta toshe kunnuwa da mayafi, sai da aka faɗa mata sau biyu. Yanzu da nake rubutun nan tana tsakar gida da angon nata a baya, tana yi masa tsiyar wai ya zo babu ko kuɗin cefane. Mashkura, dariya take yi, har da ƙyaƙyatawa. Na manta tana da wushirya.

Ki huta lafiya. Kawu ƙarami yana gaishe ki da iyakar muryarsa.

Naki har kullum,
Zainulabidin, Baban Bubayero