Ƙorafi a Kan Dirkokin Gaji da Suka Yi Ganye

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka.

Daga bawanka Isufu Maiwada, masassaƙi, Tudun Giyayya, gabas da Bande.

9 ga Rabi'ul Awwal, 1313.

Game da: shirin danƙa kadarkon fadama gaba ɗaya a hannun Gaji.

Bayan gaisuwa da biyayya, ina kawo kukana kamar haka.

1. A watan Sha'aban na 1310 ka umarta a ɗaga kadarko bisa fadamarmu, don masu zuwa kasuwa su daina ratsa ruwa da damina. Aka raba aikin biyu: ni rabin yamma, Gaji mijin ƙanwata rabin gabas.

2. Ranka ya daɗe, ni namijin giginya na sara, na busar, na babbake gindinsa saboda gara, na haƙa rami har ƙirjina. Gaji kuwa, wanda kowa ya san bai rabuwa da inuwa, ɗanyun rassan cediya ya saro a bayan gidansa ya caccaka cikin laka. Na yi masa dariya, jama'a suka taya ni.

3. Dirkokinsa suka yi saiwa, suka yi ganye. Ba dabararsa ba ce, lalaci ne Allah ya rufa wa asiri.

4. Ambaliyar watan Safar na bana ta kwashe ƙasar gindin nawa dirkokin, rabina ya karkace. Ko ɗaya bai ruɓe ba, a zo a duba. Nasa ko motsi ba su yi ba.

5. Yanzu mata na sauke kaya su huta a inuwar rabinsa, in sun iso nawa sai su kama salati. Har an fara cewa Kadarkon Gaji. Ƙanwata Shatu, da na goya a bayana, haka ta kira shi a gabana. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana cin raina. Na kuma ji za a ba shi riga, a ba shi gyaran rabina.

Saboda haka ina roƙo da ƙanƙan da kai a bar mini rabina in gyara da hannuna, kada a ce ɗan Maiwada ya kasa. Sannan, tunda babu wata cediya a garin nan sai tasa, a aiko dogari ya umarce shi ya saro mini rassa. In hali ya yi, a ce masa kai ne ke bukata. Ni dai bakina ba zai iya ba.

Allah ya ƙara maka nasara.

Bawanka mai biyayya,
Isufu Maiwada