Hanjina Ya Lafa, Amma Inna Ta Daina Zuwa Gidana

Assalamu alaikum Hajiya Nusaiba. Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa abin da ke raina.

Ni tela ce a Anka, shekaruna talatin da takwas, 'ya'yana huɗu. Shekara biyu na yi ina fama da murɗar ciki da gudawa, wani lokaci har da jini. Ina kan keken ɗinki sai in tashi da gudu, sau bakwai ko takwas a wuni. Da yake a Bagega na tashi, kuma ƙannena biyu suna aikin zinare, kowa ya ɗauka gubar dalma ce. Inna, mahaifiyata, ta fi kowa tsorata, don ta rasa jika a shekarun da abin ya yi ƙamari. Aka gwada jinina, babu dalma. Daga baya wani likita a Gusau ya ce kumburin babban hanji ne, ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana lafawa. Ya ba ni magani, ya ce in riƙa lura da abin da nake ci.

Na lura kuwa. Yaji, wake, soye-soye, ƙuli-ƙuli da nono, duk in na taɓa su sai na kwanta. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, dafaffen dankali, kifi, ƙwai, ayaba da kunun da aka tace, waɗannan lafiya lau. Alhamdu lillahi, wata bakwai ke nan ban ga jini ba. Jikina ya dawo, ɗinkin Sallah duk ni na yi, har biki na je Gummi a mota ban ce wa direba ya tsaya ba. Maigidana ma ya saba da miyata, sai dai ya barbaɗa yajinsa a gefe. Wallahi ina cikin jin daɗi.

Matsalar ita ce Inna. Tana zaune wajen yayana a wata unguwa, kuma kowace Juma'a sai ta tako da ƙafarta, ta kawo mini furar da ta kirɓa da hannunta, da nonon da ƙawarta Bafulatana ke kawo mata, da kwaɗon zogale mai barkono. Cewa take ciwo ya cinye ni, sai ta mai da ni yadda nake. Na yi mata bayani, ta ce likita bai san abin da ya raine ni ba. Sau ɗaya na ci don in faranta mata, na yi kwana uku a kwance. Tun daga nan sai in ce na ƙoshi, zan ci an jima, in ta tafi in miƙa wa maƙwabciyata Hure.

Wata huɗu muna haka. Rannan Inna da Hure suka haɗu a gidan suna, Hure ta yi ta yi mata godiya, tana yaba furar. Ba ta san Inna ba ta sani ba. Inna ta zo har gida, ba ta ko zauna ba, ta ce, “Ɗiyata, abincina ne ya zama guba yanzu?” Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Yau Juma'a uku ba ta zo ba. Na aika yara su gaishe ta, ta amsa musu da fara'a, amma ba ta tambaye ni ba. Shin in riƙa daurewa ina ci ko kaɗan ne? Ba na son in koma wancan hali, kuma ba na son fushin uwa.

Taki, mai ɗinki daga Anka.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na taya ki murnar sauƙin da kika samu. Wata bakwai ba wasa ba ne, kuma kulawarki ce ta kawo shi bayan ikon Allah.

Amsa ta farko: kada ki ci. Kin gwada, kin ga sakamako. Da Inna ta gan ki a kwanakin nan uku, da kanta za ta kawar da ƙwaryar.

Amma ki duba ɓangarenta. Ba ƙin cin ne ya fi yi mata zafi ba, ɓoyewar ce, da kuma jin labarin a bakin wata cikin taro. Matar da ta rasa jika, ta ga 'yarta tana ramewa, abin da ya rage a hannunta shi ne girki. Wata huɗu tana zaton ita ke gina miki jiki. Nan kin yi kuskure, ko da yake tausayi ne ya sa.

Daina aiken yara. Ki je da kanki, ki durƙusa ki nemi gafarar ɓoye mata, ki faɗa mata abin da ya faru ranar da kika ci, kada ki rage komai. Sannan ki roƙe ta aiki: ta riƙa yi miki tuwo da miyar kuɓewa ba barkono. Tsofaffinmu sun san yadda ake fitar da ɗanɗano da daddawa da busasshen kifi. In za ki koma asibiti, ki tafi da ita ta ji daga bakin likita.

Ki kuma tambaye shi batun kindirmo da dafaffen zogale, don wasu masu irin wannan ciwo suna iya cin kaɗan idan jiki ya lafa, kuma yawan ƙaurace wa abinci shi ma yana rage ƙarfi. Kada ki bar magani don kin ji sauƙi, kada ki sha jiƙe-jiƙe ko maganin ciwon jiki ba da saninsa ba. In jini ko zazzaɓi ya dawo, ki garzaya asibiti.

Kada ki jira Juma'a ta huɗu, ki je yau. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ya bar ku tare.