Ɗakin da Wuta Ba Ta Ci

Balan, Gaya

Yaya Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Gaji da nauyin jikinki. Na rubuto ne don in na kira ki a waya faɗa za mu yi.

Kada ki zo goyon ciki gida. Ki haihu a Ajingi.

Na kai Baba asibiti Kano. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce, "Wane aiki ya yi?" Baba ya washe baki, wai lebura ne a barikin sojan ruwa a Legas, shi ke gyaran manyan tukwanen ruwan zafi, yana ɓare tsohuwar farar audugar da ake naɗe bututu da ita yana sa sabuwa. Likita ya ajiye biro. Ya ce audugar nan sunanta asbesto. Ƙurarta in ta shiga huhu ta zauna ke nan, sai mutum ya tsufa ta tashi.

Kin san inda buhunan audugar da Baba ya zo da su tsaraba suke? A bangon ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta. Da ita ya kwaɓa ƙasar yaɓe. Ɗakin da yake nuna wa baƙi yana cewa wuta ba ta ci. Yanzu yaɓen zuba yake kamar gari, kuma nan ake shirin kwantar da ke da jariri.

Ki gai da mutanen gidan.

Ƙaninki, Sadisu

*

Ajingi

Zuwa ga ƙanina Sadisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta, na yi kuka. Shekara nawa ina jiran wannan cikin, sai a ce haihuwar fari na yi a gidan miji kamar marar dangi? Uwar mijina har ta fara tambaya ko wani abu na yi muku. A ɗakin nan Inna ta yi jegonka, ga ka nan da bakinka kamar reza. Tun da ka koyi karatu a takardun ƙunshin ƙosai kowa ya zama jahili. Cuta da mutuwa na Allah ne.

Ina nan tafe bayan kasuwa mai zuwa. A share min ɗakin.

Yayarki da ba ka so, Zuhra

*

Yaya,

Salamu alaikum. "Yayarki" kika rubuta, ko fushi ne ya sa kika mai da ni mace? To na ji.

A share? Sharar ce ma dafin! Tsintsiya ke tada ta. Na Allah ne, ban musa ba, maciji ma na Allah ne, kina kwana da shi?

Lokacin jegona bangon sabo ne. Kuma ki tuna wa ke kakkaɓe kakin Baba in ya zo hutu kafin ta jiƙa. Ki tuna tarin da Inna ta yi ta yi muna cewa sanyi ne. Ban ce na tabbata ba. Na dai karanta a waya har idona ya yi ja.

Kina ganin daɗi nake ji? Ni kaɗai ne a gidan nan da tarin Baba. Da la'asar ina zaune ina jin numfashinsa kamar ana jan zarto. Abokai sun daina leƙowa, wai tarin fuka ne. Na ce ba ya yaɗuwa, Mu'az ya ce, "To likita bokan Turai." Ba wanda nake son ganin ya shigo da ƙullin kaya irin ke. Kukan jariri ma ni kiɗa ne.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "Ɗan nan, ɗakin da na gina wa uwarka?" Tun ranar bai ƙara min magana ba, kunu ma sai na ajiye na fita. Rushewa ba ta yiwuwa, ƙurar za ta bi unguwa.

In kika zo, a zaure za ki same ni a tsaye. Ki tsine min, na yarda.

Sadisu

*

Sadisu,

Sallama. Kayana a ɗaure suke. Kai ba ubana ba ne. In Baba da bakinsa ya ce kada in zo, shi ke nan.

Zuhra

*

Yaya Zuhra,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa Baba takardarki. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin, sannan ya ce in kwaɓo ƙasa, ta gona zalla. Yana kan tabarma yana nuna min da sanda, na toshe tagar, na toshe ƙofar. Har ya yi min faɗa wai layina ya karkace.

Mai keken da ya kawo wannan yana ɗauke da itacen wankanki da tukunyar Inna da kanwa ta kunu. Baba ne ya zaɓi itacen.

Ya ce in gaya miki: ki zauna. In kun yi arba'in ki kawo masa jaririn zaure, in kin tarar da shi Baban da rai.

Mu muna nan, mu biyu.

Ƙaninki, Sadisu