Dutsen da Ke Nunar da Ayaba

Litinin, 8 ga Disamba

Sanyin bana ba ya wasa. Na rufe taga, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, na hura gawayi a kasko, ni da Tauraruwa muka shige bargo ɗaya. Shekararta biyu da wata uku. Babanta Uwata yake ce mata, ni kuwa Tauraruwa, sunan da ya zo mini tun tana ciki.

Kwando arba'in na ayaba ke ɗakin ciki, koraye shar, kwana tara sun ƙi nuna. Wai haka suke yi in sanyi ya kama. Maigidan ya shiga ya fita ya fi sau goma, yana latsa su yana tsaki. Ni dai ina shafi na tamanin a sabon littafin soyayyar da nake karantawa. Saurayin ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidansu, ya rantse ba zai tafi ba sai ta leƙo. Na ɗago na kalli nawa mijin yana sosa ƙeya. Shi ma yana da dogon hanci, in an duba da kyau.

Da la'asar wansa ya zo, Yaya Babba, mai shagon da yake yi wa aiki. Da wani gwangwani a leda. Bai amsa gaisuwata ba. Suka shige ciki suka turo ƙofa.

Alhamis, 11 ga Disamba

Hannuna na ciwo, rubutun zai karkace.

Na ɗauko littafina da safe, babu shafi ashirin na ƙarshe. An yage su. Na birkice ɗaki ina nema, har na tura ƙofar ɗakin ciki. Ayabar da take kore shekaranjiya ta zama rawaya fes, kamar an shafa mata fenti. Ga wani wari, irin na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, har ya sara mini kai. A kowane kwando akwai ƙullin takarda. Na kwance ɗaya: dutse ne mai launin toka, yana marmashewa. Takardar kuwa shafina ce.

Ina tsaye mijina ya shigo. Ya ce dutsen masu walda ne, iskarsa ke nunar da ayaba, jarida ce ta ƙare musu. "Ai ƙarya ce a ciki, gara ta yi amfani."

Ban san lokacin da na jefe shi da ayaba ba. Ya damƙi wuyan hannuna ya murɗe, ya murɗe, har sai da gwiwata ta kai ƙasa. "Kar ki ƙara taɓa kayan nan." Ya sake ni ya fita.

Shekara uku da aure. Bai taɓa ba.

Lahadi, 14 ga Disamba

An kwashe kwandunan farko, an kawo wasu arba'in. Wani littafin nawa ya ɓace. Tauraruwa na tari.

Talata, 16 ga Disamba

Anti Nas, maƙwabciyarmu da ke aiki a asibiti, ta leƙo aron ashana. Ta ɗauki Tauraruwa, ta sinsina rigarta, ta ɓata fuska. "Ƙanwata, me kuke ajiyewa a gidan nan?" Sai ta bi warin da kanta. Ta nuna mini bangon da ya raba ɗakin ayaba da inda muke kwana: bai kai rufi ba, akwai tazarar taku ɗaya a sama. Shekara uku ina kwana a ƙasansa ban taɓa lura ba.

Ta ce guba ce. Ga taga a rufe, ga hayaƙin gawayi, ga wannan, duk a ƙirjin 'yar mitsitsiyar yarinya. Ta ce ayabar ma kar a ba ta, fatar ce kawai ta nuna, cikin ɗanye ne. Ruwan ɗumi da citta da zuma, a buɗe taga ko kaɗan ne, a fitar da kasko waje. "Amma in ba a fitar da wancan ba, aikin banza kike yi."

Ta ga shatin yatsu a hannuna. Na ce ƙofa ce. Ta ce, "Ƙofar taku yatsu huɗu gare ta?"

Laraba, 17 ga Disamba

Na gaya wa mijina abin da Anti Nas ta ce. A hankali, bayan ya ci abinci, yadda matan littafi ke yi. Ya saurara kuwa, har ya leƙa bangon. Zuciyata ta yi fari.

Da Yaya Babba ya zo da rana, na ji shi daga kicin yana cewa, "Yaya, ko a mai da su shago? Uwata na tari." Sai na ji tas! Na fito da ludayi a hannu. Mijina dafe da kunci, namiji mai gemu. Yaya Babba yana nuna shi da yatsa: shago ba wuri, 'yan duba kaya na yawo a kasuwa, shi ya raine shi tun mutuwar mahaifinsu, yanzu 'yar littafi ce za ta koya musu sana'a? Ya ƙara masa mari na biyu, a gabana, don in gani. Ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ciki, ya jefa mabuɗin a aljihu.

Bayan ya tafi na matsa in duba kuncin. Na ce, "Baban Tauraruwa, sannu." Abin da na faɗa ke nan, wallahi. Ya juyo ya zabga mini bayan hannu. Bakina ya bugu da gefen tebur. Jini a rigar da na ɗinka don shi.

Marin da aka ba shi ya kawo mini. Ni wa zan kai wa?

Juma'a, 19 ga Disamba

Leɓe ya kumbura. Ba ma magana. Ya ajiye mini lemo a kan tebur, ban taɓa ba.

Asabar, 20 ga Disamba

Numfashin Tauraruwa na fito kamar usur. Da hantsi na ga ramin wuyanta yana lotsawa duk jan numfashi, leɓunanta sun yi duhu. Na goya ta na fita ba takalmi. Anti Nas ce ta tsayar mana da mota.

Suka sa mata abin shaƙa a fuska, tana fizge-fizge, mutum biyu suka danne ta. Ni na riƙe ƙafafun. Tana kallona tana ihu ta cikin robar nan, ni ce kuma nake danne ta.

Likita bai ko kalle ni sosai ba. "In kika mai da ita ɗakin nan, karo na gaba ba na ba ki tabbaci."

Tauraruwa za ta kwana wajen Anti Nas. Babanta ya je ya gan ta, ya yi kuka a bakin ƙofa. Ya dawo ya ce mabuɗi na wajen Yaya. Shi ke nan abin da ya iya cewa.

Laraba, 24 ga Disamba

Daga asibiti nake rubutu. Abin ya faru shekaranjiya Litinin. Bari in rubuta yadda ya zo, ko kaina zai daina maimaita shi.

Da ya fita da safe na ɗauko taɓarya. Duka shida kwaɗon ya faɗi. Na janyo kwandunan tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ina kifewa, ina tattakewa, ayaba na fashewa a tsakanin yatsun ƙafata. Ban taɓa jin irin wannan daɗin ba, Allah ya yafe mini. Na tsince ƙulle-ƙullen duka na zuba a bokitin ƙarfe, na juye sauran gwangwanin a kai. A saman tarin na hango shafin ƙarshe na littafina, har na ga sunan yarinyar. Ban tsaya karantawa ba.

Tunanina shi ne: guba ce, to a narkar da ita a zubar a kwata, kamar yadda ake yi da duk wata ƙazanta. Na kamfato ruwa na sheƙa.

Bokitin ya fara tafasa ba wuta. Yana huci, yana kumfa, warin ya cika gida. Kaskon da na fitar waje saboda shawarar Anti Nas yana nan gefe, taku biyu, da garwashinsa.

Daidai nan suka shigo, wani ya kai musu labari. Yaya Babba na gaba yana zare bel. Mijina ya ga bokiti, ya ga kasko, ya kurma ihu: "Ruwa kika zuba?" Ya hankaɗe ni na faɗa kan kwanduna, ya sa hannu biyu ya suri bokitin zai yi waje da shi.

Ƙarar ban ji ta da kunne ba, a ciki na ji ta. Wuta ta tashi ta wuce tsawon mutum. Igiyar shanya ta kama, kayan Tauraruwa na ci. Mijina yana birgima a ƙasa, hannayen rigarsa na ci da wuta. Na yayumo bargo na danne shi da jikina.

Ina kansa bel ya sauka a bayana. Ƙarfen ne. Sau uku na ƙirga. "Kin kashe mini kaya, 'yar banza!" Kaya. Ƙaninsa na ƙonewa a ƙasa, kaya yake kira.

Mijina ya tashi. Hannayensa a sama, fata na zazzagowa, ba abin da zai iya riƙewa da su. Da kai ya je masa. Na ji ƙarar hancin Yaya Babba. Ya faɗi zaune cikin ayabar da na tattake, jini har ƙirji. Ya yunƙura zai tashi, ya gan ni tsaye da taɓarya. Ban ɗaga ba. Ban kuma ajiye ba. Maƙwabta suka shigo.

Juma'a, 26 ga Disamba

An naɗe mijina da bandeji har gwiwar hannu. Ni nake ba shi abinci a baki. Ya ce, "Ai na ce kar ki taɓa." Na ce, "Ba ka ce mini ruwa ba. Murɗe mini hannu ka yi." Ya rufe ido. Cokali na gaba ya daɗe bai buɗe baki ba.

A littafi, nan ne wurin da mace ke faɗawa ƙirjinsa. Na nemi abin a raina ban samu ba. Bayana na zogi.

Talata, 30 ga Disamba

An sallame mu. Yaya Babba ya aiko an kwashe komai nasa, ya ce ba shi ba mu. Kwando shida aka bari, koraye, waɗanda ba a kai ga sa musu dutse ba, ni ma ban tattake su ba.

Inna, mahaifiyarsu, ta zo da sandarta. Na zaci zagi zan sha. Ta ɗaga mini riga ta kalli bayana, ta kalli ɗanta, ta ce masa, "Kai kuma naka hannun Allah ya riga ni." Sannan ta zauna kan kujera ta ce ita ta sayar da ayaba shekara talatin ba ta san wani dutse ba. A naɗe kowane nonon ayaba da takarda, a cusa nunanna ɗaya a tsakiya, a rufe da buhu, a jingina da bangon kicin inda yake ɗumi. Kwana shida, bakwai. "Haƙuri ne kawai ya yi wa yaran nan tsada, 'yar nan."

Na ce babu jarida. Ta kalli akwatin littattafaina.

Laraba, 31 ga Disamba

Littafi goma sha ɗaya na yaga. Takardarsu na da laushi, tana naɗuwa da kyau.

Alhamis, 8 ga Janairu

Sun nuna. Ba su da kyan gani, duk ɗigo-ɗigon baƙi, amma ƙamshinsu ya cika kicin. Na ɗora tire a ƙofar gida, kafin azahar kwando ɗaya ya tashi. Tauraruwa ta dawo ɗakinmu kwana huɗu ke nan. Taga a buɗe kaɗan, kasko a waje, safa biyu a ƙafarta. Ta ci ayaba biyu ta shafa ta uku a gashi. Da ta yi barcin rana na sa kunne a bayanta na daɗe. Shiru. Iska kawai, tana shiga tana fita.

Ƙanwar Anti Nas ta ce ta karanta littafin nan nawa da aka yage ƙarshensa, ko ta gaya mini yadda ya ƙare? Na ce ta bari sai wani lokaci, ina da ciniki.

Ɗazu mijina ya miƙo hannunsa mai bandeji zai taɓa inda leɓena ya tsage. Kafin ya iso na riƙe wuyan hannun. Ba da ƙarfi ba. Ya kalle ni, na kalle shi, ya mai da hannunsa cinyarsa. Sannan na gyara masa matashi.

Taɓaryar na bayan ƙofar ɗaki har yanzu. Kicin ɗin ne ya cika da kwanduna, babu wurin ajiye ta.