Ƙyallen da Ke Muryar Gwaggo

Zuwa ga Mahbuba, sanyin idona, ruwan Rima a bakin mai ƙishi, inuwar da nake ratso rana tun daga Wurno don in zauna ƙarƙashinta. Assalamu alaikum, tare da gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan. Ina fata kina lafiya, ke da Inna Adama da duk mutanen gidanku na Goronyo.

Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ki ɗauka ba. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga biro, ko shi zai ci albarkacin da ni na rasa.

Kin tuna ranar da kuka kawo mini Gwaggo? Yayanki Kabiru yana tuƙa babur, ke kina baya, kin rungume amfilifayar marigayi Baba, akwatin ƙara sautin jitarsa, cikin bargo kamar za a kai jinjiri asibiti. Kika ce a gidanku Gwaggo ake kiranta, don ba ta magana sai ta gama ɗumama, in ta fara kuwa da disasshiyar murya take yi. Da ita Baba ya kaɗa jita a bukukuwa daga Rimawa har Maikujera, kuma burinki ranar aurenmu Kabiru ya kaɗa da ita, ko Baba ya halarta ta wannan hanya. Abin da kika roƙa kaɗan ne: ta daina ƙugi, ta daina jan yatsun Kabiru da wuta.

Ni kuwa mai gyaran rediyon da so ya hau wa kai, na ce sai na burge ki. Na shimfiɗa tabarma a ɗakina, na buɗe bayanta. Kwalaben nan nata na gilashi suka yi jajir, warin tsohon katako da dalma ya cika ɗakin. Na bi ta da sillen kara ina ƙwanƙwasawa, hannu ɗaya a aljihu, don irin waɗannan tsofaffi ko an zare su daga soket suna riƙe da wuta a cikinsu, wadda za ta iya kayar da ƙato. Na gano kwandansoshin da suka bushe, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, na sauya su, ƙugi ya tafi. Na ja mata wayar ƙasa, ta bar jan mutum. Ina ma a nan na tsaya! Sai idona ya faɗa kan takardar lasifikarta, na ga wani tsohon faci a jiki, na ce wannan bai dace da bikin Mahbuba ba. Na kwance ta, na ɗaura sabuwa dal, na tura tsohuwar ƙarƙashin gado.

Da kuka dawo, Kabiru ya taɓa tsirkiya, sauti ya fito tas. Ina ta washe baki ina jiran yabo, sai na ga idonki ya cika. Kika ce, "Nasrullahi, wagga ba muryar Baba ta ba. Mi kay yi ma Gwaggo?" Kika ja mayafi kika fita. Wallahi wutar lantarki ta sha jana a sana'ar nan, amma ba ta taɓa isa inda maganarki ta isa ba. Garin neman gira na rasa ido.

Tun ranar nake neman muryar. Na mayar da tsofaffin kaya ɗaya bayan ɗaya ina saurare, na musanya kwalabe, na bi wayoyi, ba ta dawo ba. Daga ƙarshe na jawo tsohuwar lasifikar na duba ta a hasken rana. Ashe facin ƙyalle ne, ruwan ɗorawa mai 'yan furanni, an manna shi da ƙaro. Na ɗauke ta zuwa Goronyo, na tarar kin tafi Rabah gaisuwa, sai na nuna wa Inna Adama. Ta daɗe tana shafa ƙyallen kafin ta ce, "Kallabin Sallar Mahbuba na. Tana ƙarama tas sa yatsa tah huda takardar, wai tana biɗar mutumen da ka kiɗi ciki. Babanta bai buge ta ba, dariya yay yi, yay yanki bakin kallabin yal liƙe wurin. Tun rannan Gwaggo tad dishe, shi ko yac ce haka yah hi so."

Mahbuba, ya hasken gidana da ba a shiga ba tukuna, wa zai gaya mini da wuri? Ashe muryar da kike yi wa kuka, yatsanki da haƙurin Baba ne suka yi ta. Ashe ke na cire na tura ƙarƙashin gado, ina cewa gyara nake yi.

Na mayar da tsohuwar lasifikar mazauninta. Sababbin kwandansoshi da wayar ƙasa na bar su, don ba zan yarda wuta ta ja Kabiru ranar bikinmu ba, ki yi haƙuri da wannan. Na taɓa tsirkiya ɗaya ta jitar da ya bari a wurina, na ji wani ɗan kakkarwa a ƙarshen sautin, sai na ajiye jitar. Ita ce ko ba ita ba ce, ban sani ba. Ni ban taɓa jin Baba yana kiɗa ba. Kunnenki kaɗai ke da shaida.

Don Allah ki zo ki saurara. In ba ita ba ce, in sake buɗe ta, in yi ta nema har sai kin ce ya isa. Kuma na yi miki alkawari, a gidan da za mu zauna, duk facin da na gani a kayanki ko a zuciyarki, ba zan kai masa hannu ba sai na tambayi wanda ya liƙa shi.

Gwaggo tana kan tabarma, na lulluɓe ta da bargonku. In kin taso ki aiko mini, in kunna ta ta ɗumama kafin ki iso.

Naki, yau da gobe har ranar da tawa muryar za ta dishe a gefenki,
Nasrullahi
Wurno