Ƙanen mijina ya goge muryar mahaifiyata ya zuba finafinai

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara tun ban aikata abin da zuciyata take raya mini ba.

Ni mai ɗaukar hoto ce a Magaria, bikin mata da suna nake yi. Ina da wani akwatin ajiya mai diski biyu a ciki, yana haɗe da rezo na shago, wato netwok, duk aikin da na ɗauko nan nake turawa daga ordinatar, wato kwamfuta. Hotunan mutane suna ciki, amma abin da ya fi mini komai bidiyoyin Innata ne da na ɗauka a Bande kafin ta rasu, tana tsinkar wake tana mini faɗa tana dariya.

Ran nan aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aka maido, akwatin ya ƙi tashi. Fanka tana juyawa, shuɗiyar fitila tana ta ƙyaftawa, amma ordinatar ba ta ganinsa. Na canza waya, na canza wurin jonawa, na cire na bar shi ya huce, shiru. Ƙanen mijina yana da shagon tura finafinai a waya a bakin kasuwa, shi ake kira in na'ura ta lalace a gidanmu. Ya ce Yaya kawo in duba miki. Ya daɗe da shi, sannan ya maido ya ce kuran ya ƙone diskin duka biyu, sai dai haƙuri. Na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, shi ne ma yake ba ni baki.

Da na je Damagaram sayen kaya na tafi da akwatin wajen wani mai gyara. Sharja kawai ya canza, akwatin ya yi ƙara ya tashi. Ya ce tun farko ita ce ta mutu. Da ya zaro diskin sai na ga ba nawa ba ne, wasu tsofaffi ne matattu, ni nawa na ɗiga musu jan farce tun ranar da na saya. Ina dawowa na wuce shagon ƙanen mijina kai tsaye, ga su nan a kan tebur da jan farcena, cike da finafinai. Bai ma yi musu ba, wai ya ga akwatin ya riga ya mutu ne, kar su zauna a banza, shi ya sa ya goge. Da na kira mai gyaran ya ce tunda an zuba wani abu a kai da wuya a samo komai.

Mijina ya ce ƙanensa ne, zai saya mini sababbi, in rufa asiri. Sababbin za su yi mini magana da muryar Inna? Surukata kuma cewa ta yi ai hoto ne kawai. Shi kuwa ƙanen har yau bai tako ya ce in yafe masa ba.

To ga abin da ke hannuna. Ni na ɗauki bidiyon bikin sunan ɗansa na fari, inda Baba, mahaifinsu, ya rungumi jaririn yana masa addu'a, bai daɗe ba shi ma ya rasu. Ban kai ga turawa akwatin ba, yana kan katin kamarata, babu wani kwafi a duniya. Ƙanen mijin nawa ya sha roƙona in ba shi. So nake in kira shi, in kunna masa ya ga fuskar Baba ya ji muryarsa, sannan in goge a gaban idonsa in ce ai hoto ne kawai. Wallahi in na tuna yadda fuskarsa za ta yi har sanyi nake ji a raina.

Abin da ya tsayar da ni, Baba bai taɓa ɓata mini ba, kuma uban mijina ne shi ma. Wata ƙawata ta ce in kai shi kumisariya wajen 'yan sanda, amma in na yi haka zaman gidan ya ƙare. In goge, ko in kai ƙara, ko in riƙe katin ya yi ta bina yana roƙo har tsufansa? Kar wanda ya ce mini in yi haƙuri kawai, na ji wannan har na ƙoshi.