Tuje a Tukunyar Maiwada

Toranke, watan Sha'aban, 1973.

Zuwa ga ƙanena Bubayero, a ƙasar Muri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobi. Allah ya ƙara muku ruwa da ciyawa, amin. Mu nan sai godiya. Damina ta yi mana gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Hanne matar ɗana tana ƙoƙari da tuwona, yaranta sun yi tari sun warke. Malam Inuwa tela ne yake rubuta mini wannan a kasuwar Ajingi, na kuwa ce masa ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya.

Maganar igiya ce ta sa na nemo ka. Ba ka manta ba, tun muna yara wurin kiwo, shamuwa na sauka sai mu murɗa sabuwar igiyar rama, kowane irin tsuntsu muka gani a shekarar mu yi masa ƙulli ɗaya, kuma ba a ƙullawa sai mutum biyu sun shaida. Kai ka kafa wannan sharaɗi, wai ni Hammanka ina ganin abin da babu. To, tun da ka kora shanu kudu ban karya shi ba, shi ya sa igiyar bana ko akuya ba za ta ɗaure ba. Dinya da kirinjijiya ba su zo ba, fadama ta tsattsage. Belbela da hankaka da kurciya kuwa Hanne ce shaidata, ita ma cewa take ta gani, ba ta ko ɗaga kai daga turmi ba.

Ran nan na bi hanyar Balan neman ganyen tafasa, sai ga tuje tsaye a saura, yana taku kamar mai gari. Rabona da shi tun Baffanmu yana da rai. Na waiga in taɓa ka, sai na tuna ba ka nan. Na dawo gida da sassarfa, gwiwa tana ƙara, na jawo maƙwabcina Maiwada daga inuwa, ya bi ni yana mita. Da ya gan shi ya ce lallai tuje ne, ya shaida. Na yi murna ƙwarai, ban lura da irin kallon da yake masa ba. Washegari da yamma sai ga matarsa Barira da kwano a rufe, wai Maiwada ya ce a kawo wa Baba Datti cinyar tujen, tun da shi ya nuna. Da na sami Maiwada, cewa ya yi yaransa sun kwana biyu suna shan ruwan kuka, in ƙulla igiyata, shi ya cika tukunyarsa, kowa ya samu. Jikokina suka cinye, ni na ce haƙorina yana ciwo.

Har yau ban ƙulla ba. Malam Inuwa yana dariya, wai shaida ta cika. Ni ban yarda ba. Wanda ya kalli tsuntsu ya ga nama, ba abu ɗaya muka gani ba. Kai kaɗai za ka raba wannan gardama, kuma ba ta takarda ba. Idona ya fara hazo, Bubayero. Shirwa da shaho sai sun yi kuka nake bambanta su. Ɗana yana ta matsa mini in bi shi Kano, na ce ba inda za ni. Ka ce za ka dawo in ruwa ya sauka, an yi damina biyu ke nan. Ko mota ka hau ka zo ka yi mako guda, mu zauna bakin fadama ko ba komai a cikinta. In kuma ka zauna ke nan, ka faɗa mini sarai, in daina sa a share ɗakinka.

Ka gai da Hindatu da Kubura, da Abdulsalam in yana nan yana bin shanu. Hanne da yara suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Datti.